Wata Uku a Ingila da Rasuwar da Muka Ɓoye wa Mama

Tun ranar da na dawo daga Ingila matan zumunta ba su bar ni na sha ruwa ba. In an tashi daga sujada su tare ni a bakin coci, in na shiga kasuwa wata ta riƙe mini gefen zani. Tambayoyin kuma iri ɗaya ne. Wai da gaske sanyin can har ƙashi yake shiga? Wai da gaske ba su san tuwo ba? Sai babbar tambayar, wadda ake rage murya kafin a yi ta: wai da gaske Turawa kwashe iyayensu suke yi su zuba a wani gida kamar kayan da aka gaji da su? Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kullum ina tsallake wurin da ya shafe ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da inda ban fito da kyau ba. Duk wadda ta sake tare ni, takarda zan miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rahila, amma a Sabon Garin Keffi Maman Alheri ake kirana. Malamar firamare ce ni har na yi ritaya. Alheri 'yata ce ta fari, tana aikin kula da tsofaffi a wani gari a arewacin Ingila, can take zaune da mijinta Yohanna. Haihuwar fari ta yi, ta ce in zo in yi mata wankan jego.

Sai dai na bar wata magana a gida wadda ta hana ni murnar tafiyar. Mahaifiyata, wadda muke kira Mama, ta haura shekara tamanin. Shekara uku ke nan da muka ɗauko ta daga Garaku ta dawo gidana saboda ciwon gwiwa da hawan jini. A cikin 'yan ɗakinsu mutum ɗaya ya rage mata, ƙanenta Kawu Danladi, manomin doya, wanda ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Wata huɗu kafin tafiyata Kawu ya yanke jiki ya faɗi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yayana Bulus, mai aikin gwamnati a Abuja, ya tara mu ya ce:

"Kada in ji wani ya gaya wa Mama. Jininta zai hau, mu binne mutum biyu a wata ɗaya."

Ban yi musu ba. Gaskiya ma ni ce na fara cewa haka ya dace, don haka muka taso muka ga ana yi, tsoho ba a kai masa mugun labari. Aka yi jana'iza babu ita. In ta tambaya sai mu ce Kawu yana garin Lafiya wurin ɗansa ana duba masa ƙafa, wayarsa kuma ta faɗa ruwa. Ita ƙarya in ka yi ɗaya sai ta nemi ƙanne. Har gaisuwa nake ƙirƙirowa in kai mata ɗaki, in ce Kawu ya ce a gaishe ki da kyau.

Ranar tafiya na durƙusa a gabanta ta sa mini albarka. Ta dafa kaina ta yi addu'a da yarenmu, sannan ta ce, "Kin yi wa kawunki sallama?" Na ce na yi. Ta dube ni ta ce, "To, madalla." Na tashi na fita da sauri, na bar ta da ƙanwata Na'omi wadda ta zo daga Akwanga don ta zauna da ita.

Maƙwabcinmu Malam Sule mai tasi shi ya kai ni filin jirgi. Ina yarinya, in ka bar Keffi ka nufi inda Abuja take yanzu, gonaki ne da 'yan ƙauyuka. Yau tun daga Masaka gida ne manne da gida, shago manne da shago, har ka shiga Mararraba. A nan go-silo ya riƙe mu, motoci sun yi cirko-cirko, 'yan acaɓa suna kutsawa ta ko'ina. Ana cikin haka na laluba jaka ban ji fasfo ba. Na zazzage komai a kan cinya, na fara kiran sunan Yesu, na ce Malam Sule ya juya. Ya ce, "Malama, juyawa a nan ai sai mai fukafukai. Duba jikinki dai." Ashe ni da kaina na ɗaure shi a cikin zanin ciki don tsoron ɓarayi.

Da dariya ta lafa, sai ya nuna mini jama'ar da ke rububin shiga mota a bakin hanya. Ya ce, "Kin ga waɗannan? Kowa ya fito tun asuba, ba zai koma ba sai an yi isha'i. Da yawansu akwai tsohuwa a ɗaki, an ajiye mata abinci a kula, an ja get an kulle. Ni tawa ta ƙi barin gidanmu na cikin gari. Ta ce ita ba kaza ba ce." Na yi dariya, na ce ai ni tawa tana hannuna, ba abin da ta rasa.

Jirgi kuwa ban taɓa shiga ba sai ranar. Da ya ɗaga na damƙe hannun wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni, har ta ce, "Madam, hannun nan da shi nake ciyar da yara." Ita ta koya mini ɗaura bel, ita ta nuna mini banɗaki, amma ba ta gaya mini ƙarar da yake yi in an danna ba. Na fito da gudu ina tsammani na ɓalle wani abu a jikin jirgin. Abincin da aka kawo kuma wani farin dankali ne da aka dama, ba gishiri ba yaji. Na ciro ƙullin yajina na barbaɗa, maƙwabciyata ta miƙo nata farantin.

Da muka sauka aka jera mu a layi. Ma'aikaciyar shige da fice ta juya fasfona, ta tambaye ni wurin wa zan sauka, kuma me zai sa in koma ƙasata. Na ce da ita uwata na raye, kuma ni ke kula da ita. Ta yi murmushi ta buga hatimi. Na ɗauka an gama, sai ga wani ƙaramin kare ya zo ya zauna daram a gaban akwatina, ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishin da na sayo wa surukina suka ce nama ba ya shiga, suka jefa shi a kwandon shara ina ji ina gani. Sannan jami'in ya kwance ƙullin daddawa. Bawan Allah ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana ya ja da baya. Suka tambaye ni wace dabba ce wannan. Na tattaro duk Turancin da na koyar a aji na bayyana musu cewa 'ya'yan itace ne, kalwa ce ake dafawa a rufe ta ta yi kwanaki. Jami'in ya ce in ɗaure abina in tafi, kuma don Allah in ɗaure da kyau.

Alheri da mijinta suna zaune a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, duka bai kai tsakar gidana ba. Sanyin kuwa ku bar shi kawai. Riga uku nake sawa a cikin ɗaki, ga hita a kunne, amma yatsuna kamar ba nawa ba. Jaririyar da na gani ta mantar da ni komai. An sa mata sunan Mama, Saratu, kuma goshin Mama ta ɗauko sak. Wankan jego dai an yi shi, amma ba murhu ba itace, da butar lantarki nake tafasa ruwa ina juyewa a bokiti har ya cika. Ranar da na ce zan yi wa mai jego miyar kirki, na ɗora manja a wuta, wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu kamar an yanka akuya. Maƙwabta suka fito, jaririya ta tsala kuka, ni kuma ina tsaye da ludayi. Yohanna ya ce na'urar jin hayaƙi ce. Tun daga ranar sai na buɗe taga nake suya, sanyi yana dukana.

Babban abin kunyar da na yi a bakin titi ne. Mun fito da Yohanna za mu shiga bas, sai na hango wani dattijo fari fat da furfura, yana tafe da jaka biyu. Jikina bai ba ni in tsaya kallo ba. Na ruga na rusuna na gaishe shi, na kama jaka ɗaya zan karɓa. Ya riƙe gam. Na ja, ya ja, jakar ta yage, lemo ya watse a titi. Yohanna ya zo da gudu yana ba shi haƙuri, yana bayyana masa cewa a wurinmu girmamawa ce, ba a barin babba da kaya. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Muna tsince lemon ya ce da ni, "Na gode ƙwarai. Amma da kin tambaye ni, da na gaya miki ina son ɗaukar kayana, likita ma ya ce in riƙa yi. A ƙasarku ba a tambaya ne?" Na ji haushin maganar. Na ce a raina, ka ga mutum, an yi masa alheri yana neman a cika takarda.

Da jaririya ta yi ƙwari, Alheri ta ce za ta kai ta wurin aikinta tsofaffin su gan ta, don kowace Juma'a da yamma ana shan shayi tare da baƙi. Na ce zan bi ta in ga gidan da ake zubar da iyaye. Na tafi da fushina a shirye.

Gida ne mai tsabta, kowa da ɗakinsa, da sunansa da hotonsa a jikin ƙofa. Masu aikin da yawa namu ne, 'yan Najeriya da 'yan Gana, sai Indiyawa. Muna shiga Alheri ta hango wata 'yar ƙaramar tsohuwa a keken guragu ta ce, "Doris!" Haka gatsal, ba Mama ba Kaka. Na mintsine ta a cinya na ce, "Ke, tarbiyyar da na ba ki ke nan? Wannan ai ta girmi kakarki."

Ta ce, "Momi, ita ta zaɓa. Ranar da ta zo an tambaye ta da wane suna take so a kira ta. Ga wancan can, in ba ki ce masa Mista ba ko kallonki ba zai yi ba."

Na zuba ido. Na ga ba mai shiga ɗakin kowa sai ya ƙwanƙwasa ya jira amsa, ko da mai ɗakin ba ya iya tashi daga gado. Na ga ana ɗaga riga biyu a tambayi tsohuwa wacce za ta sa. Wani tsoho ya ƙi shan magani, sai yarinyar da ke kula da shi ta zauna ta gaya masa amfaninsa, ya ce shi dai ba yanzu ba, ta ce to za ta sanar da nas, za ta dawo. Ni kuwa in Mama ta ƙi magani, daka shi nake yi in zuba mata a kunu ba ta sani ba, kuma ina ganin dabara ce.

Kada ku ce na dawo ina yabon Turawa. Akwai wani dattijo da ke zama a bakin taga, ya sa kwat da hula, yana jiran 'yarsa. Alheri ta ce sai a yi watanni ba ta leƙo ba, amma kullum da yamma sai ya shirya. Wannan ya sa ni hawaye, kuma har yau ina cewa ba daidai ba ne. A ranar na ji daɗin kaina sosai, na ce mu dai Allah ya rufa mana asiri, ba ma yin haka. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Na ci gaba da bin Alheri duk Juma'a, kuma Doris ce ta zama ƙawata. Shekararta casa'in da ɗaya, a masaƙa ta yi aiki tun tana budurwa, bakinta kuwa kamar reza. Ta ga na zuba sukari cokali biyar a shayi ta ce in gaya mata ranar da haƙorana za su zube ta ara mini nata na roba. Ta yi ta tambayata labarin Mama. Da na ce a gidana take, jikoki suna shiga ɗakinta suna fita, sai ta ce, "Uwarki ta yi sa'a." Na ƙara buɗe kafaɗa.

Wata Juma'a muka zo babu Doris a falo. Wata abokiyar aikin Alheri ta ce ɗanta ne ya rasu ranar Litinin, ɗanta guda ɗaya, zuciyarsa ce ta buga. Na ce, "Wayyo. Allah ya sa dai ba su gaya mata ba."

Ta dube ni da mamaki ta ce a ranar aka gaya mata. Jikarta ta zo, shugabar gidan ta zauna da su, nas tana kusa ko da wani abu zai faru.

Na juya kan Alheri kamar ita ta yi. Na ce, "Kashe ta za ku yi? Tsohuwa mai shekara casa'in? Wane irin rashin tausayi ne wannan?" Ta ce in je in gan ta da idona.

Na ƙwanƙwasa, na jira har ta ce in shigo. Tana zaune a bakin gado, idanunta sun yi ja sun kumbura. An shimfiɗa riga biyu a kan gadon, a cinyarta kuma ga takarda tana rubuta waƙoƙin da take so a rera a jana'izar. Na durƙusa na riƙe hannunta na yi mata gaisuwa irin tamu. Da na tsaya a nan da na tsira, amma bakin malamar makaranta ba ya zama shiru. Na ce, "Da a ƙasarmu ne, da ba a gaya miki ba."

Ta ce, "Saboda me?"

Na ce saboda tausayi, kada ciwo ya tashi.

Ta gyara abin jin da ke kunnenta, kamar tana so ta tabbatar ta ji daidai. Ta ce, "Ɗan wa ne? Ni na haife shi. Gidana ya fi ƙarfina na bar shi, ƙafafuna sun ƙi ni, abincina wani ke dafawa. In aka karɓe mini kukan ɗana kuma, me ya rage nawa?"

Ban san abin da ta gani a fuskata ba, sai ta ce, "Ke kin ɓoye wa uwarki wani abu." A nan durƙushe na gaya mata komai, da Kawu, da wayar da ta faɗa ruwa, da gaisuwar ƙarya. Na zo yi mata ta'aziyya, sai ga shi ita ke miƙo mini hankici. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ki je ki gaya mata, ki riƙe hannunta. Kada ki yi a waya." Sannan ta nuna rigunan ta ce in taya ta zaɓa, muka zaɓi shuɗiyar. Ranar jana'iza aka tura ta a kekenta har coci, ta dawo ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki, a rana ta uku ta nemi shayi.

A hanyar gida na ce da Alheri, to in Mama ta faɗi fa? Alheri dama tun farko ba ta yarda da ɓoyon ba, mu ne muka ce ita yarinya ce. Ta ce, "Momi, akwai waɗanda mantuwa ta cinye, in kin gaya musu yau, gobe labarin sabo ne, su sake kuka. Waɗannan ana zama da likita da dangi a duba yadda za a yi. Amma Kaka fa? Kaka da ke tuna wadda ta ari tukunyarta tun kafin a haife ni? Hankalinta ya fi nawa."

Na kira Yaya Bulus. Ya ce, "Rahila, wata biyu kacal kin zama Baturiya? Mu da al'adarmu." Na ce, "Yaya, al'adarmu ce kuma babbar yayar mamaci ta zauna a karɓi gaisuwa a hannunta. Mun hana ta." Ya ce in wani abu ya same ta, a wuyana. Na ce na ɗauka. Bayan kwana biyu ya kira da kansa, ya ce in bari sai ya zo, ba zai bar ni ni kaɗai ba, kuma a fara auna jininta.

Da wata uku suka cika na yi sallama da Doris, na sumbaci jikata, na kamo hanya. Ina sauka a Abuja zafi ya rungume ni, na cire rigunan sanyi tun a cikin motar Malam Sule. Na tarar da Mama ta rame. Na'omi ta ce abinci sai an yi da gaske take ci.

Ranar Asabar da safe Yaya ya iso. Wata nas 'yar cocinmu ta auna Mama ta ce ba laifi, ta koma falo ta zauna. Muka fito da Mama baranda, mu uku muka kewaye ta. Na durƙusa na kama hannunta. Duk jawabin da na shirya a jirgi ya gudu. Na ce, "Mama, mun yi miki laifi. Kawu Danladi ya rasu. Wata bakwai ke nan."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Na sani."

Yaya ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ku. In na shigo falo sai ku juya harshe zuwa Turanci. Ban yi boko ba, amma sunan ƙanena ba ya canzawa a Turanci. Sannan sabuwar doya ta fito har ta tsufa ba a kawo mini ba. Tun da Danladi ya fara noma bai taɓa kai sabuwar doya bakinsa ba sai ya aiko mini tawa. Ko a gadon asibiti yake, da ya aiko."

Na ce, "To Mama, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Na ga kuna ta wahala da ɓoyon, na ce kada in kunyata ku. In kuka ya zo mini sai in shiga banɗaki in saki ruwan famfo."

Yaya Bulus, da furfurarsa da muƙaminsa, ya zame daga kujera ya kifa kai a gwiwarta yana kuka kamar yaro. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai a lokacin Mama ta saki murya. Ta kira sunan ƙanenta, ta yi kuka a fili, a gaban 'ya'yanta, mu kuma muka riƙe ta. Nas ta leƙo, ta sake aunawa, ta ce jinin ya ɗan hau amma a bar ta ta yi.

Washegari bayan sujada muka kai ta Garaku. Ita ta zaɓi zanin da za ta ɗaura, ita ta ce a tsaya a sayi gishiri da sabulu a kai wa matar Kawu. A bakin kabarin aka ajiye mata kujera. Ta yi masa magana da yarenmu, ta yi masa faɗan zuwa gona da rana tsaka, ta ce ya riga ta kuma bai kyauta ba, don ita ce babba. Kafin mu ankara labari ya zaga gari. Tsofaffin ƙawayenta suka fara shigowa da sanduna, aka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman gaisuwar da ba a yi da ita ba. Ita ke cewa wa zai zauna ina. Da aka kawo tuwo ta cinye nata tas, ta ce miyar ta yi gishiri.

Da yamma muna hanyar komawa Keffi, tana gaba kusa da Yaya, ta juyo ta ce, "Saura wa kuka binne mini a ɓoye?"

Muka ce babu. Na'omi ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sai dai akuyarki mai baƙin kunne, Mama. Ta ci leda ta mutu."

Mama ta yi dariya har da tari, mu ma muka yi. Da ta nutsu sai ta ce, "Ku saurara, ku ukun. Daga yau in mutuwa ce, in ciwo ne, ko da a jikina likita ya gani, a zo a zauna a gabana a faɗa mini da harshen da nake ji. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ga ni zaune. Abin da ya kusa kai ni ƙasa shi ne kukan da na yi ni kaɗai, alhali gida cike da mutane."

Yaya ya rage gudu, ya share ido da bayan hannu. Muka haɗa baki muka ce, "To, Mama."